Dutsen Taimamar Baba

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka sa ni zazzage aljihu a birnin Lyon ba. Ni da gemuna, da kwat ɗin aro, da katin taro rataye a wuya, a gaban malamata da manyan baƙin da aka gayyato daga ƙasashe. Har gobe in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi. Abin da aka samu a aljihun kuwa dutse ne, ɗan dutsen da bai cika tafin hannu ba.

Bari in faro daga tushe. Ni mutumin Damagaram ne. A lokacin ina karatun digirin dokta a Paris kan kayan tarihi, ina zaune a wani ɗan ɗaki a Saint-Denis, kusa da gidan yayata Hadiza da mijinta. A shekarar ne aka kawo Baba jinya. Tsohon ma'aikacin gidan waya ne, mutum mai tsari da taurin kai, kuma ciwon daji ya riga ya yi nisa a jikinsa kafin ya yarda a duba shi. Maganin da suka ɗora shi a kai ya saɓule masa fata, hannayensa duk allurai da robobin ƙarin ruwa, tashi zaune ma sai an tallafe shi. Lokotoro, wato likita, ya ce kada ruwa ya taɓa wuraren. Alwala ta gagara ke nan.

Duk wanda ya yi jinyar tsoho a garinmu ya san dutsen taimama. In ruwa ya gagari majinyaci, sai ya dafa tafukansa a kan ƙasa mai tsarki ko dutse, ya shafi fuska da hannaye, ya yi sallarsa. Baba ya taho da nasa daga gida, wani sumul da ya tsinta a bayan gidanmu, amma a filin jirgi aka cire shi daga jakar hannunsa, wai ana iya rotse mutum da shi. (Mutumin da cokali ma yake yi wa nauyi.) Haka ɗan garin da duwatsu suka kusa fin mutane yawa ya wayi gari a kan gadon asibiti, a hawa na sama, kewaye da roba da ƙarfe da fenti, ba abin da zai dafa.

Aka ce ni ne namiji, ni ne kuma masanin duwatsu, in samo. Na ɗauka aikin minti biyar ne. Na fara da wani da na tsinta inda ake gyaran hanyar taram, ɗan jirgin ƙasan nan na cikin gari. Baba ya ƙanƙare shi da farce, ya ce siminti ne. Na kwaso wasu jajayen ƙwallaye daga tukunyar fure a ƙofar gidan Yaya, ya murza ɗaya ya ce wannan gasasshe ne, abin da wuta ta dafa ba a taimama da shi. Na je lambun unguwa na hango wani mai kyau a gindin bishiya, ina sunkuyawa wata tsohuwa ta iso da karenta, ya ɗaga ƙafa ya yi abin da ya saba a daidai wurin. A Paris duk dutsen da ka gani a ƙasa, kare ya riga ka gaisawa da shi.

Mijin Yaya ya ɗauko limamin masallacinsu, ya zo ya yi wa Baba bayani cewa addini sauƙi ne, ya yi sallarsa a yadda yake, Allah ya san halin da yake ciki. Baba ya yi godiya, ya sa masa albarka. Liman na fita ya juya fuska bango. Da Yaya ta matsa masa sai ya ce tun da ya balaga bai taɓa tsayawa gaban Ubangiji ba tsarki ba, kuma ba zai fara a bakin kabari ba. Yana yin sallar da ishara, amma in ya idar sai ka ga hawaye na bin gefen kunnensa. Wannan abu ya fi ciwon cin ransa, mu ma ya ci namu.

Dokta yake kirana, da zolaya, don ya san ban gama ba. Duk sanda na turo ƙofar ɗakin, ba fuskata yake fara dubawa ba, hannayena yake dubawa. In ya ga wayam sai ya ce, "Dokta, an zo lafiya?" ya lumshe ido. Wallahi na gwammace ya zage ni.

Ana cikin haka lokacin wani taro ya zo a Lyon, wanda malamata, Farfesar da ke duba aikina, ta sha wahala kafin ta samo mini gurbin magana a ciki. Na ce na fasa. Baba ya ce in na fasa bai yafe ba, in tafi, amma in buɗe ido a hanya, ai ba a rasa dutse a ƙasar Allah. Na hau jirgin ƙasa, na kwana wajen wani ɗan garinmu a Vénissieux, shi ya ba ni aron kwat ɗin ma.

Da safe na hau mumbari. Maganata a kan tukwane da mutum-mutumin yumɓu ne da ake tonowa daga tsofaffin kaburbura a ƙasarmu, a sayar, su ƙare a falon masu kuɗin Turai. Kuma ni mutum ne mai zafin kai, in na samu makirfo ba na sanin iyaka. Na buga teburi. Na ce ɓarawo ɓarawo ne ko ya ɗaura karabat ɗin Turawa a wuya. Na ce wanda ya ɗauki abin kakannin wasu bai da wani uzuri, ko na ilimi, ko na ƙauna, ko na komai. Aka yi tafi, nasaran da ke layin gaba suka sunkuyar da kai, ni kuwa na sauko ina jin kaina kamar wanda ya ci kokawa a dandali.

Bayana sai wata mata ta hau, sunanta Teresa, daga Amurka, 'yar asalin mutanen da ake kira Pueblo, waɗanda ke can tun kafin zuwan Turawa. Ba ta ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Ta nuna hotunan gidajen kakanninta, na dutse da laka, an gina su ɗaki kan ɗaki a ƙarƙashin wani ƙaton dutse mai rumfa, cikin busasshiyar ƙasa irin tamu. Sai na ga kamar unguwar Birni ce ta Damagaram aka ɗauke aka cusa cikin kogo. Rufin azara na nan, baƙin hayaƙin murhu na nan, har shatin yatsun matan da suka yi yaɓe yana nan a bango bayan ɗaruruwan shekaru. Ta ce su ba sa kiran wurin kango, masu gidan suna ciki, in za ka shiga sai ka yi sallama. Ta ce abin da ke cinye wurin ba ruwa ba ne ko iska, baƙi ne masu ziyara. Kowa ya sunkuya ya ɗauki ɗan katangar tukunya ya sa aljihu, in an kama shi ya ce ai ɗaya ne tak, ɗan abin tunawa ne, souvenir. Yadda ta furta kalmar kamar tana tofar da ƙashin kifi.

Da na yi shiru a nan da Allah ya rufa mini asiri. Ina! Aka ce akwai mai tambaya, na ɗaga hannu, ba tambaya gare ni ba, burga ce. Na ce mu ma haka muke, muna kiran irin wannan wuri kufai, kuma tun muna yara ake gaya mana ba a ɗaukar ko tsinke a kufai. Na ce Bahaushe ko yunwa za ta kashe shi ba ya taɓa kayan mutanen da. (Na faɗi wannan da bakina, cikin makirfo, ana ɗauka a bidiyo.) Teresa ta dafa ƙirji ta gode mini. Malamata ta yi mini murmushin da ban taɓa samu daga wajenta ba.

Da rana aka kwashe mu ziyara kan tudun Fourvière, inda tsohon garin Rumawa yake. Gaskiya wurin abin kallo ne. Ga dandalin wasanninsu da kujerun dutse hawa-hawa, ga titin da suka shimfiɗa da manyan falalen duwatsu yana nan daram, ga ɗakunan 'yan kasuwa a jere. Saboda mu manyan baƙi ne, aka buɗe mana wani sashe da ke bayan shinge, wanda ba a barin kowa shiga. Malamata ce ta roƙo izinin, ta kuma sa hannu cewa mu mutanen kirki ne.

Mai yi mana bayani yana ta zuba, ni kuwa tun da muka shiga ban ji ko kalma ɗaya ba. Duwatsu nake gani. Dutse na gaske, wanda wuta ba ta taɓa ba, a cikin shingen da kare bai isa ya shiga ba, ruwan sama ya wanke, rana ta busar. A wata gajeriyar katanga daidai ƙuguna akwai wani mai launin toka, fuskarsa shafe kamar an yi shi don tafin hannu. Na taɓa shi, na ji yana motsi kamar haƙorin yaro. Fuskar Baba ta faɗo mini, da yadda yake duban hannayena. Ban yi shawara da kowa ba, har da hankalina. Na bari ayarin ya yi gaba, na juya baya kamar ina duba waya, na girgiza shi, ya fito, ƙasa ta zubo kan takalmina. Na jefa shi aljihun kwat.

Sai na ji usur.

Mai gadin wurin ne, wani dogo mai furfura, yana tsaye a sama, ashe tun ɗazu yake kallona. Ya sauko a hankali, bai yi gaggawa ba, ya bari kowa ya juyo tukuna. Ya ce da ni, cikin ladabin da ya fi mari ciwo, mesiye, mene ne a aljihunka na dama? Aljihun kuwa ya rinjaya ƙasa, kwat ɗin ya karkace gefe guda kamar jakin da aka yi wa lodi ba daidai ba. Na ce waya ce. Ban rufe baki ba wayar ta fara ƙara a aljihun hagu. Yaya Hadiza ce ke kira, kuma sautin da na sa mata kalangu ne. Ya yi ta kaɗawa a cikin shirun nan, ni na kasa ɗagawa, na kasa kashewa.

Na fito da dutsen. Mai gadin ya karɓa da hannu biyu, ya kai shi bakin ramin da ke katangar, ya gwada, ya shiga cif. Wani farfesa ɗan Italiya ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ɗaya daga cikin waɗanda suka sunkuyar da kai da safe ya harɗe hannu a ƙirji, yana kallona da wani irin kwanciyar hankali. Malamata ta yi fari fat, ta tambaye ni dalili.

To, ga inda na ƙarasa kashe kaina. Gaskiya tana bakina, gajeriya ce, amma ta ƙi fita. Yaya zan tsaya gaban nasara in baje halin da mahaifina ke ciki don a tausaya mini? Mu ba a haka aka rene mu ba, ciwon uba ba abin talla ba ne. Kuma, in faɗi gaskiya duka, na shekara da shekaru ina nuna musu ni wayayye ne, sai na ji nauyin in fara bayanin alwala da tsarki da fitsarin kare cikin Faransanci. Na laluba kaina ina neman wata kalma, kowace iri. Wadda ta fito ita ce wadda na ji da safe.

Na ce, "Souvenir."

Ban dubi kowa ba sai Teresa, ban san dalili ba. Ba ta yi fushi ba. Kallona kawai ta yi kamar ta gaji, kamar ta sha ganin irina. Da ƙasa ta tsage a lokacin da na shige na ja ta na rufe.

Aka rubuta sunana, aka karɓe katin wuyana, aka raka ni har bakin ƙofa kamar akuyar da ta shiga gonar mutane. An datse ziyarar saboda ni, kowa ya fito. Malamata ta ce za mu yi magana a Paris, ta wuce. Na koma gefe na kira Yaya. Tana kuka ta ce lokotoro ya tara su, ya ce sun dakatar da magani, duk mai son ganin Baba ya zo. Ta ce Baba ya farka ɗazu, abin da ya fara tambaya shi ne ko Dokta ya samo.

Na zauna a kan matakalar da ke gangarawa cikin gari na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina yaro, da majina da komai, cikin kwat ɗin mutane. A nan Teresa ta same ni. Ta zauna nesa kaɗan, ta ce ba ta yarda da abin da na faɗa a sama ba, in gaya mata na gaske. Na gaya mata duka, har da kare. Na ɗauka za ta ce ayya, ba komai. Amma sai ta ce duk waɗanda suka ɗauki abu a gidajen kakanninta suna da dalili, wasu ma dalilinsu mai kyau ne, amma ramin da suka bari yana nan. Sai ta miƙa hannu ta nuna ƙasa, inda koguna biyu suka ratsa birnin.

Ta ce, "Duwatsun can ba wanda ya ɗora su da hannunsa. Je ka roƙi kogi."

Na gangara, na tsallaka gada, na bi bakin kogin Rhône har inda ruwa ya janye. Jama'a, duwatsu ne malala, sumul-sumul, farare da masu toka, ruwa na wanke su dare da rana. Ta kan kogin nan na wuce da safe, ina ta maimaita jawabina a zuci, ban ko leƙa ƙasa ba. Na tuɓe takalmi na shiga ruwan har ƙauri, sanyi kamar zai tsinke mini yatsu, na yi bisimilla na zaɓi ɗaya daga can ciki. Ba wanda ya busa usur.

Washegari da rana tsaka na tura ƙofar ɗakin Baba. Ya rame fiye da yadda na bar shi, an sa masa abin numfashi a hanci. Idonsa ya tafi hannuna kamar kullum. Na ɗora masa dutsen a kan ƙirji. Ya shafa shi, ya ƙanƙara da farce, ya kai hanci ya sansana, sannan ya tambayi inda na samo shi. Baba ba a yi masa ƙarya, ko yana kwance. Na ba shi labari tun daga buga teburi har zuwa kalangu. Yaya ta toshe baki da mayafi. Shi kuwa sai ƙirjinsa ya fara girgiza, na tsorata na ɗauka numfashi ne ya sarƙe, ashe dariya yake yi, marar sauti, har na'urar da ke gefen gado ta fara ƙara, ma'aikaciyar jinya ta leƙo.

Da ya samu numfashi sai ya ce, "Dokta, da dutsen sata ka so ka aika ni gaban Ubangiji?"

Na ce a yi haƙuri, Baba. Ya ce Allah ya yi wa mai gadin nan albarka, shi ya cece mu duka. Sannan ya ce azahar ta yi? Hannayensa ba sa ɗaguwa, don haka ni na riƙe dutsen, Yaya ta kama tafukansa ta ɗora a kai, muka taimaka masa ya shafi fuska. Ya yi sallarsa da ido, a hankali, ya daɗe. Da ya idar na duba gefen kunnensa, a bushe yake.

Bai kai Juma'a ba. An yi masa sutura a Paris, aka kai shi gida Damagaram.

Malamata ba ta kore ni ba, amma sai da na rubuta takardar ban haƙuri, kuma har na gama ba ta sake sa hannu a kaina don shiga bayan wani shinge ba. Ban taɓa gaya mata dalilin ba. 'Yan ajinmu suka laƙaba mini Souvenir, sunan ya bi ni har Yamai inda nake koyarwa yanzu, akwai ɗalibaina da ke faɗinsa in na juya baya, suna zaton ban sani ba. Bidiyon jawabin ma yana nan yana yawo, mutane na yaba mini a kansa, ni kuwa ban taɓa iya kallonsa har ƙarshe ba.

Ban daina cewa a dawo mana da kayan kakanninmu ba, don gaskiya ce, kuma katoɓarata ba ta mayar da ita ƙarya ba. Teburi ne dai na daina bugawa. Dutsen kogin yana kan teburina, ya yi duhu a tsakiya inda tafukan Baba suka taɓa. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, ni kuwa sai da na hau tudun gaske, a ƙasar mutane, aka nuna mini nawa da usur. Shi ya sa yanzu duk taron da aka gayyace ni, kafin in kira wani ɓarawo sai na fara laluba aljihuna, dama da hagu.